Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

A ƙauyenmu, can bayan Kudan, idan aka fara yankan rake har iskar gari canjawa take yi. Tun da safe ake jiyo ƙarar injin matsa daga bakin fadama, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila kuma ya zo ya kwanta a kan rufin gidaje, da zaƙi-zaƙinsa da ɗan ƙaurinsa. A wannan lokacin ne sanyi yake sauka, a lokacin ne kuma Iya, mahaifiyar babana, take hura wuta a ƙofar ɗakinta da zarar an idar da magariba. Ba itace take sa wa ba. Busasshen ɓawon raken da aka gama matsewa take ƙonawa, wanda Baba yake ɗauro mata a bayan babur idan ya taso daga aiki. Wutar ɓawon rake ba ta jimawa. Ta tashi fuu ta haske fuskar kowa, kafin ka gyara zama ta faɗi. Dole sai da mai ƙara mata. Ni nake wannan aikin, kuma ban taɓa yarda na bar wa kowa ba, domin shi ne ya ba ni damar zama a gefen gwiwar Iya ba tare da wani ya tambaye ni komai ba.

Ni yarinya ce marar son magana. A makaranta ko na san amsa, sai in ji ƙirjina yana bugawa har malama ta wuce kaina. Amma ina da ido. Na san cewa da farcen babban yatsa Iya take ɓare goro, ta ci ƙaramin ɓarin, ta ɗaure babban a bakin zane. Na san dugaduganta sun tsage, tana tura su kusa da toka har sai mahaifiyata, Umma, ta ce mata za su gasu. Na kuma san cewa idan wani abu ya dame ta ba ta faɗa, sai dai ta ja gefen mayafinta ta ɗan cije, tana kallon wuta.

Sunanta aka sa mini, saboda haka a gidanmu babu mai kiran sunana na yanka. Baba ba zai kira sunan mahaifiyarsa ba, Umma ba za ta kira na surukarta ba. Kowa Ummi yake ce mini. Iya kaɗai ke ce mini Takwara.

Akwai wani sunan kuma da ba a taɓa ji a bakin Iya ba, shi ne na Baba. Shi ne ɗanta na fari, kuma matan zamanin da irin su Iya ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yi masa fara'a a gaban mutane, ba sa nuna cewa sun damu da shi. Kunya ce, haka suka tarar da iyayensu suna yi. Kullum da yamma Baba zai sauke ɓawon rake, ya tsuguna can nesa ya gaishe ta, ita kuwa ta amsa tana kallon bango kamar da bangon take gaisawa. Amma ni da nake kusa na sha ganin idonta yana sauka a kan hannuwansa. Aikin Baba dafa mazarƙwaila ne. Yini yake a bakin kasko yana juya ruwan rake yana kwashe kumfa, hannuwansa duk tabon fallatsi. Ranar da ta ga sabon ƙuna ba za ta ce masa sannu ba. Sai ya tashi ya tafi, ta miƙo mini ɗan gwangwanin man kaɗanya ta ce in kai wa mutumin can.

Ƙanena Sadi ya mayar da wannan abin wasa. Ba shi da buri irin ya sa Iya ta yi tuntuɓen baki. Zai zo ya zauna da fuskar kirki ya tambaye ta wa ya kawo mata goro, ta ce ubansa. Ya ce ai shi ya manta sunan uban nasa, ta taimaka ta tuna masa. Sai ta ce, "Je ka tambayi uwarka, ɗan nema, ita ta ga abin so a jikinsa." Mu yi ta dariya, har Umma daga bakin murhu.

Idan za ta fara tatsuniya, Iya tana da nata salon. Takan ce ga wata baƙuwa a ƙofa, mu kuma mu ce ta shigo, mun share mata wuri. Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta matar da rake ya rufe wa ɗa.

Wata mata ce, in ji Iya, tana da 'ya'ya biyu, namiji babba da ƙanwarsa. Wata rana yaron ya shiga fadama yankan rake, ya yi nisa har ya taka gonar tsohuwar rafi, sai raken ya haɗe a bayansa, babu hanyar fita. Uwar ta zo bakin rafi da 'yarta, ta tarar da tsohuwar a zaune a kan dutse. Tsohuwar ta ce yaron yana nan lafiya, amma ba zai fito ba sai wadda ta haife shi ta kira shi da sunansa. To, ɗan fari ne. Matar ta gyara mayafi ta ce, kai wancan, sai kwaɗo ya leƙo ya ce ga shi. Ta ce, kai yaro, sai yaran gari kaf suka sheƙo a guje, kowa yana tsammanin abinci ne. Ta ce, kai mai yankan rake, sai ga biri da kara a baki. A nan Iya takan kumbura kumatu ta kwaikwayi birin, Sadi ya faɗi a tabarma yana shure-shure. A ƙarshe matar ta lura cewa tsohuwar rafi ba ta gani sosai. Sai ta ɓoye 'yarta a bayan zanenta, ta riƙa motsa leɓe, yarinyar ce ta ƙwala kiran sunan yayanta. Rake ya buɗe, yaro ya fito, suka koma gida ba wanda ya ji kunya. Daga nan Iya ta ce baƙuwa ta ɗauki takalmanta, kowa ya tashi ya yi alwalar isha'i.

Ina aji huɗu a firamare shekarar da Baba ya dawo gida wata rana babu komai a bayan babur ɗinsa. Bai ma tsuguna ya yi gaisuwa ba, ɗaki ya wuce yana riƙe da ciki. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka sayo ƙwayoyi, zazzaɓi bai sauka ba. Da abin ya yi tsanani, ƙanensa Baffa Sale ya samo mota aka tafi da shi asibiti a Makarfi. Ina tsaye lokacin da aka fito da shi. Ya juyo da kai wajen ɗakin Iya ya ce, "Iya, sai na dawo." Tana tsaye a bakin ƙofa, ta kalli bango kamar kullum, ta ce Allah ya sauwaƙe. Gefen mayafinta yana bakinta.

A motar da ta kai shi aka dawo da shi, a lulluɓe.

Abin da na fi tunawa a ranar shi ne takalma. Tsakar gidanmu ya cika da takalman mata, wasu an taka wasu, na Baba kuma suna nan a inda ya cire su, ɗaya ya ɗan kife. Ina kallonsu na ji wani abu yana tasowa daga cikina, bakina ya fara rawa. Sai Gwaggo Lami, ƙanwar Baba da take aure a Ikara, ta jawo ni jikinta ta toshe mini baki da tafin hannu. Ba da mugunta ta yi ba, ita ma idonta ja ne. Ta sunkuyo ta ce mini a kunne, "Kar ki yi, Ummi. Duk ɗigon hawayen da kika zubar garwashi ne a jikinsa. Dubi Iya. Ita da ta haife shi kin ga tana kuka?"

Na duba. Iya tana zaune a tsakiyar mata, bayanta a miƙe, tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya haƙuri, ta ce da godiya. Allah ya jiƙansa, ta ce amin. Idonta a bushe. Na tuna hannuwan Baba da tabonsu, na ce a raina wutar da ya sha a duniya ta ishe shi, ba ni ce zan ƙara masa wata ba. Na haɗiye abin da ya taso. Ya sauka ya tsaya a maƙogwarona, kamar ƙwallon goruba.

Daga ranar na gane cewa duk lokacin da na buɗe baki zan yi magana, abin yana motsawa, hawaye kuma suna biyo bayansa. Sai na daina buɗewa.

Da farko yabona aka yi ta yi. Matan da suka zo gaisuwa suna nuna ni suna cewa yarinyar nan akwai tawakkali, ta gado kakarta. Ni kuwa na dage da kallon Iya domin in koyi yadda ake yi. Na ga tana miƙe baya, na miƙe nawa. Na ga tana rage abinci, tana tura ƙwarya gefe, na tura tawa. Na ga idan an ambaci Baba tana cizon mayafi, na fara cizon bakin hijabina, har ya huje a wuri ɗaya.

Da aka watse daga zaman makoki, yabon ya koma tambaya. Umma tana takaba, ba ta fita, takan jawo ni ta ce in faɗa mata ko kalma ɗaya, ni kuwa in sunkuyar da kai. A makaranta idan malama ta kira suna sai in ɗaga hannu kawai. Ta ce in karanta, na tsaya da littafi a hannu har 'yan aji suka fara dariya. Ta aiko gida a tambaya ko lafiya. Maƙwabta suka fara cewa ko na gamu da iska ne a hanyar fadama. Aka kawo rubutu na sha, aka yi mini hayaƙi, ban ce uffan ba.

Wutar ƙofar Iya ma ta mutu. Mai kawo ɓawon rake ya tafi, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗauko wani. Bayan magariba sai mu zauna a cikin sanyi, ni da ita, ba baƙuwa, ba takalma. Sadi ya gwada tsokanarta sau ɗaya, ya fara cewa wa ya kawo mata, sai ya tuna, ya koma wajen Umma.

Baffa Sale ne ya yanke shawara. Ya zo ya tsuguna a gaban Iya ya ce shi a ganinsa gidan ne ya yi wa yarinyar nauyi. Ranar kasuwar Makarfi mai zuwa zai tafi da ni, daga can ya wuce da ni Ikara wajen Gwaggo Lami. A ajiye maganar makaranta tukuna, a nemi magani, idan baki ya buɗe sai a ga abin da za a yi. Yana magana ina zaune a wurin, domin mutane sun fara mantawa cewa wanda ba ya magana yana ji. Na so in ce kar a raba ni da Iya, kar a raba ni da Umma da ajinmu. Abin ya taso, na ja hijabi na cije.

A daidai lokacin Iya ta juyo ta kalle ni. Mayafinta yana bakinta, hijabina yana bakina. Ta daɗe tana kallona. Sannan a hankali ta zare mayafin daga bakinta, ta duba inda ya jiƙe, ta duba hujin da ke jikin nawa. Ba ta ce wa Baffa e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce ya je, ta ji.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, na nemi Iya na rasa. Umma ta riga ta ɗaure mini kayana a ɗankwali. Can gab da magariba sai ga Iya ta shigo da ɗaurin ɓawon rake a ka. Tsohuwar da gwiwa ba ta barinta ta je ko gidan suna, ita ce ta taka har fadama, har wurin kaskon da ɗanta yake aiki, ta roƙi abokan aikinsa suka ɗaura mata. Ƙafafunta duk laka. Ta sauke, ta yi alwala, ta yi salla, ta hura wuta. Da ƙamshin ya tashi sai da na dafa ƙasa, domin ƙamshin rigar Baba ne sak.

Ta kira Sadi, ta nuna mini wurina a gefen gwiwarta. Ta ce ga wata baƙuwa a ƙofa. Sadi kaɗai ya amsa, da ƙaramar murya.

Tatsuniyar matar da rake ya rufe wa ɗa ta ɗauko. Kwaɗo ya leƙo, yaran gari suka sheƙo, biri ya fito da kara a baki, amma ba ta kumbura kumatu ba, kuma ba wanda ya yi dariya. Da aka zo wurin dabara, matar ta ɓoye 'yarta a bayan zane ta fara motsa leɓe. Sai aka ji shiru. Ta sake motsawa, shiru. Ta waiwaya, sai ta ga yarinyar ta dafe wuya, bakinta a rufe gam.

Sadi ya ce ba haka take ba. Iya ta ce yau haka ta zo.

Ta ci gaba. Tsohuwar rafi ta yi murmushi ta ce wa matar, ai ni ina gani sarai, da can ƙyale ki nake yi. Yarinyar nan tun tana goye take kallon bakinki. Ta ga kin rufe, ta ɗauka haka ake yi. Sannan ta nuna mata duwatsun da ke zube a bakin rafin, manya da ƙanana, ta ce kin ga waɗannan? Duk sunaye ne da maganganun da mutane suka haɗiye. Abin da aka haɗiye ba ya narkewa, dutse yake zama. Ke kin tsufa, wuyanki ya saba da ɗauka. Ita fa?

Matar ta tambaya, idan na kira zai fito? Tsohuwar ta ce a'a. Wannan karon ya riga ya haye, wanda ya haye kuma ba ya dawowa. Matar ta ce to mene ne amfanin kiran? Tsohuwar ta ce, ba don shi za ki kira ba.

Wutar ta faɗi a lokacin, na manta ban ƙara mata ba. Iya ta miƙa hannu da kanta ta jefa ɓawo, ta tashi fuu. A hasken na ga hannuwanta biyu suna kan gwiwa, ba ta taɓa mayafi ba. Ta ce sai matar ta juya ta fuskanci raken, ta buɗe baki ta ce...

Ta tsaya. Na ji tana jan numfashi kamar mai ɗaga tulu.

"Idrisu."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Sunan ya fito a karkace, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Ta sake cewa, "Idrisu, ɗana." Sai hawaye suka gangaro ta cikin tamojin fuskarta, ba ta share ba, ba ta juya wa bango ba.

Tsoro ne ya buɗe mini baki. Ban san na yi magana ba sai da na ji wata murya a shaƙe tana cewa, "Iya, bari. Zai ƙone shi."

Ta juyo. Ba ta nuna mamakin jin muryata ba, ko da yake na ga yatsunta sun damƙe gwiwa. Ta tambaye ni me zai ƙone shi. Na ce hawaye. Na ce Gwaggo ta ce garwashi ne. Sai ta kamo hannuna ta ɗora a kumatunta.

"Taɓa ki ji, Takwara. Da zafi?"

Na ce ɗumi ne kawai.

"To mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin kaskon mazarƙwaila, wannan ɗan ɗumin ne zai ƙone shi?"

Wata irin dariya ta kufce mini, kafin ta ƙare ta zama kuka. Na kifa kai a cinyarta na yi ta yi, har da shessheƙa, har majina. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce ya isa ba. Bayana kawai take shafawa, nata hawayen suna ɗiga a wuyana. Sadi ya rarrafo ya shige tsakaninmu. Na ji motsi, na ɗago, sai na ga Umma ta fito daga ɗakinta ta zauna a ƙasa kusa da surukarta, abin da ban taɓa gani ba. Can a bakin zaure kuma akwai inuwar mutum. Baffa Sale ne, ya zo ne don ya ce a shirya ni da wuri. Ya daɗe a tsaye, sannan na ji takunsa yana komawa.

Da muka natsu, Iya ta gaya mini cewa abin da aka hana shi ne ihu da birgima da faɗar maganar da Allah ba ya so. Hawaye kuwa Allah ne ya halicce su, kuma bai halicce su don a adana ba. Ta ce Lami ba ƙarya ta yi niyya ba, abin da aka gaya mata tana ƙarama ta gaya mini. Ba ta rufe tatsuniyar ba a wannan daren. Baƙuwar ba ta ɗauki takalmanta ba, ladan ne ya tashe mu.

Da safe Baffa ya wuce kasuwa shi kaɗai. Umma ta kwance ɗankwalin ta mayar da kayana cikin akwati, na sa kayan makaranta na tafi.

Abin bai wuce wa Iya a banza ba. Katangar gidanmu gajeriya ce, kafin azahar labari ya zaga cewa tsohuwa ta kira sunan ɗan fari tana kuka a gaban jikoki da suruka. Wasu tsofaffin suka ce ruɗewa ce ta fara kama ta. Wata ƙawarta ta zo takanas ta ce mata ba ta zaci haka daga gare ta ba. Iya ta ɓare goro ta miƙa mata babban ɓarin, ta ce ita kam ta rufe bakinta shekara da shekaru don kunyar mutane, ba wanda ya ce ta yi laifi. Ta buɗe sau ɗaya don jikarta, in laifi ne ta ɗauka.

Ban zama mai surutu ba, har yau ba ni da shi. Kuma dutsen bai fita gaba ɗaya a dare ɗaya ba, yakan dawo. Amma Iya ta fito da wata al'ada. Idan muka zauna a bakin wuta, kafin sauran yara su taru, takan dube ni ta ce, "Wanne ne yau?" Da farko ban san amsar ba, sai in ce ba daɗi kawai. Sai ta ce ba daɗi ai gari ne babba, wace unguwa? A hankali na fara rarrabewa. Wata rana kewa ce, domin na ga babur irin na Baba. Wata rana tsoro ne, domin Umma ta yi tari da dare. Ranar da na ce mata haushi nake ji, haushin Baba da ya ce sai ya dawo bai dawo ba, na zaci za ta yi mini faɗa. Sai ta gyaɗa kai ta ce ita ma yana zuwar mata, in ƙara wa wuta ɓawo. Ba ta cika ba ni magani ba. Amma na lura cewa duk abin da na kira da sunansa yakan rage girma, ya zama abin da za a iya zama da shi a tabarma ɗaya. Wani lokaci nakan juya tambayar in ce, ke fa, Iya? Takan ce gwiwa ce, sannan ta faɗi na gaskiyar.

Ban sake jin ta kira sunan Baba a gaban mutane ba. Amma ɗakinmu ɗaya, kuma idan ta idar da sallar asuba tana addu'a, a inda da take cewa mutumin can, sai na riƙa jin sunan, a hankali, ya daina karkacewa.

Daga baya na je Ikara, amma da ƙafata, makarantar kwana. Ina can a ajin ƙarshe, a farkon yankan raken bara, aka kira ni ofis aka ce ga Baffa Sale. Da na ga bai kalle ni ba na gane Iya ce ta rasu. Na je gida na tarar da takalma a tsakar gida kamar wancan karon. Gwaggo Lami ta rungume ni, na ji hannunta ya taso wajen bakina, sai ya tsaya a hanya, ya koma ya dafa kafaɗata. Muka yi kukanmu tare, ba ihu.

Da ina ƙarama na ɗauka ƙarfin zuciya shi ne abin da na gani ranar makoki, bayan Iya da ya miƙe da idonta da ya bushe. Yanzu idan na tuna ƙarfin Iya ba wannan nake gani ba. Ƙafafunta nake gani da lakar fadama, da hannuwanta a kan gwiwa, sun ƙi kai mayafi baki. Shirun ta iya shi tun tana amarya, ba ya yi mata wuya. Kalma ɗayar nan ce ta ci mata ƙarfi.

Ranar da na koma makaranta bayan rasuwar Iya, da safe, malamar ajinmu ta buɗe rajista ta fara kiran suna kamar kullum. Na sha jin nawa ba adadi, ban taɓa sauraronsa ba sai ranar. Hauwa'u Idris. Sunan da ba a kira a gidanmu, da sunan da Iya ba ta kira a gaban mutane ba sai dare ɗaya, ga su a jere, uwa da ɗanta, a bakin wadda ba ta san ko ɗayansu ba. Dutsen ya taso ya tsaya a inda ya saba. Hannuna ya kama bakin hijabi. Na tambayi kaina wanne ne yau, na samu amsa, kewa ce, ba wani abu ba.

Malama ta ɗago kai ta sake kira. Na saki hijabin, na bar hawayen suka sauko da ɗuminsu, na amsa.